Fuskar Baba a Kan Allo

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo wai na bar Injiniya tsaye a bakin titi, to ga ta nan na kawo muku. Ni dai ina rubuta shafin nan ina share ido, kada wani ya zo daga baya ya ce ban faɗa masa ba.

*

Ɗigon shuɗin nan bai motsa ba.

Injiniya ta sake duba taswirar da ke wayarta, ta ɗaga kai ta kalli tsallaken titi. Ita da hannunta ta haɗa wayar Baba da tata lokacin da ya tashi daga jinya, don hankalin Mama ya kwanta a riƙa sanin inda yake. A da ɗigon nan ba ya zama wuri guda. Baba mai kai saƙo ne a babur, manhajar kamfani ce ke turo masa aiki, yanzu ka gan shi a bakin asibiti, anjima yana bayan kasuwa. Amma kusan wata guda ke nan, in ɗigon ya iso mahaɗar nan da safe, ba ya sake gusawa sai yamma.

Da farko ta ce wayar ce ta lalace. Amma ita 'yar ajin ƙarshe ce a karatun kwamfuta, shi ya sa ma a gida ake ce mata Injiniya, ta fi kowa sanin ba haka ba ne. Yau dai ta kasa zama a aji, ta biyo shi.

Abin da ta fara gani shi ne allon tallan.

Duk wanda ya san gidansu ya san allon nan. Baba ne a kai, ƙato, sanye da rigar kamfani, yana dariya har haƙoransa na ciki a waje, ga taurari biyar a jere ƙarƙashin haɓarsa. Bai taɓa kai saƙo aka ba shi ƙasa da biyar ba, shi ya sa abokan aikinsa ke kiransa Mai Taurari, shi ya sa kuma kamfani ya ɗora shi can sama. Baƙo ba ya zuwa gidansu ya tafi Mama ba ta sa an kawo shi ya gani ba. Auta kuwa duk ajinsu sun gaji da jin labarin.

A ƙarƙashin allon akwai wata 'yar rumfar bakanike. Baburin Baba na jingine a gefe, an lulluɓe shi da buhu. Rigar kamfanin da Mama ta goge da safe tana rataye a ƙusa, an juya cikinta waje don kada ta yi datti.

Shi kuma yana tsugune gaban wani tsohon kwano cike da fetur, daga shi sai singileti, yana wanke ƙarafan inji da buroshi.

Ba ta san lokacin da ta tsallaka titin ba.

"Baba."

Buroshin ya tsaya. Bai ɗago ba.

Bakanike, tsohon abokinsa, ya leƙo daga ƙarƙashin wani babur. Da ya ga ko wace ce, sai ya miƙe yana goge hannu a wando.

"A'a, 'yata ce? Sannu da zuwa. Bari... bari in je in karɓo wani kaya a can baya."

"Ina kwana, Kawu."

"Lafiya lau, lafiya lau." Ya fice da sauri, sifana na hannunsa bai ma ajiye ba.

Sai a sannan Baba ya ɗago. Rabin fuskarsa ta dama ta yi ƙoƙarin murmushi. Ta hagun tana nan yadda ciwon ya bar ta, kunci ya sauko, baki ya karkace, idon kuma ba ya rufuwa, kullum yana tsiyayar ruwa.

"Injiniya. Ba ki da karatu yau?"

"Baba, me kake yi a nan?"

"Birki na zo a duba min."

"Birki."

"Eh. Yana ɗan ƙara."

"Wata guda ana duba birki?"

Ya kalli wayar da ke hannunta, ya kalli tasa da ke kan benci. Ya girgiza kai a hankali.

"Ashe da ɗan rahoto nake yawo a aljihu."

"Kai ka ce in haɗa."

"Na ce ki haɗa don in na faɗi a hanya a same ni. Ban ce don ki bi ni ba."

"To ai ka faɗi, Baba. Ba ka dai faɗa mana ba ne."

Maganar ta fita kafin ta riƙe ta. Tunda take ba ta taɓa mayar masa da magana haka ba. Shi kuwa bai yi faɗa ba. Ya jawo wata tsohuwar taya da ƙafa ya tura mata.

"Zauna. Mutane na kallo."

Ta zauna. Warin fetur ya cika mata hanci, sai ta gane warin da take ji a hannunsa kwanakin nan in ya miƙo mata kofi. Mama har tsiya ta yi masa, wai ko ya fara shan man babur ɗin ne.

"Korarka suka yi?"

"Wa zai kore ni? Ba ki gan ni can sama ba?"

"Baba, don Allah."

Ya tsame hannunsa daga kwanon, ya goge da tsumma yatsa bayan yatsa. Ya ɗauko wayarsa ya buɗe manhajar, ya miƙa mata.

"Ke ce injiniya. Karanta."

Ta karanta. Ba a tabbatar da fuskarka ba.

"Kullum da safe kafin ta ba ka aiki sai ka nuna mata fuska," in ji shi. "Ta ce kalli nan, ka kalla. Ta ce yi murmushi, ka yi. Sai wani ɗan akwati ya zagaye fuskarka ya zama kore, shi ke nan ka kama hanya. Shekaru ina yi, ko tunaninsa ba na yi. Ranar da na dawo daga jinya na nuna mata, ta ce ba ni ba ne."

"Sau nawa ka gwada?"

"Har na daina ƙirgawa. Na gwada a madubin babur, na tallafe kuncin da yatsa, ta ce cire hannu daga fuska. Kawunki ya manna min salatif daga nan zuwa kunne." Ya nuna da yatsa. "Da na kalli kaina ni ma ban gane mutumin ba, balle waya."

Ya yi wata 'yar dariya da rabin baki. Ita ba ta iya taya shi ba.

"Ka je ofishinsu?"

"Na je. Yarinyar da ke kan tebur mai kirki ce, har ruwa ta ba ni. Ta ce sai in canja hoton da ke ciki, in sa na yanzu."

"To ai shi ke nan!"

"Na ce mata to a canja. Ta ce ni zan canja da kaina, a cikin manhajar. Na ce ai ba ta bari in shiga. Ta ce eh, sai ka shiga tukuna."

"Ba wanda zai iya buɗe maka daga wajensu?"

"Ta ce na'ura ce ke yi, su ba su da hannu. Hotona na nan manne a bangon bayanta, Injiniya. Na ce mata ki waiga, ni ne wancan. Ta waiga, ta dawo ta kalle ni, ta ce Allah ya ba ka lafiya Baba."

Injiniya ta sunkuyar da kai. Ta san hoton. Hoton da ke cikin manhajar da na bangon ofis da na kan allo duk guda ne, kuma ita ta ɗauka. Ranar da za ta yi masa rajista ya tsaya a tsakar gida ya ƙame, fuska ba walwala, sai ka ce za a karanta masa hukunci. Ta ce ba za ta tura wannan ba, masu saƙo za su tsorata. Ta tuna masa ranar da Mama ta ce ita ma sai ta koyi babur, ta hau ta murɗa, ta kwashe igiyar shanyar maƙwabta tana ihun ina birki, ina birki, hannunta kuwa na ƙara wuta. Baba ya tuntsire da dariya, ita kuma ta danna.

"Ni na jawo," ta ce. "Da na bar ka yadda ka tsaya, da fuskar ba ta yi nisa da ta yanzu haka ba."

"Kul. Kada in sake ji."

"Ni na ce sai ka yi dariya."

"Hoton nan shi ya fi komai kyau a abin da na mallaka. Ranar da aka kafa allon uwarku ba ta iya cin abinci ba don murna. Ki ce kin jawo? Kin jawo alheri."

Wasu masu kai saƙo su uku suka wuce a guje cikin irin rigarsa. Na gaban ya danna oda sau biyu, ya ɗaga hannu sama wajen allon, ya yi ihu, "Mai Taurari!" Sauran suka amsa da tasu odar. Babu ko ɗaya da ya kalli rumfar.

Baba ya bi su da ido har suka ɓace.

"Duk faɗin garin nan ka rasa inda za ka zauna sai nan?" ta tambaya.

"Nan ne ba wanda zai same ni. Kowa ya zo wucewa sama yake kallo."

"Wancan na gaban ba kai ka koya masa hanya ba?"

"Ni ne. Yaron kirki ne. Bai sani ba."

"Me ya sa ba ka faɗa wa Mama ba?"

Ya ɗauki wani ƙarfe daga kwanon ya juya shi, ya mayar.

"Kin ga yadda take goge rigar nan? Kwala sau biyu take bi. Ta miƙo min, Auta ta zo ta danna oda, maƙwabta su ce a dawo lafiya Mai Taurari. Kullum in na kwanta sai in ce gobe zan faɗa. Gari na wayewa in ji ƙamshin guga, sai bakina ya mutu." Ya share ruwan da ke gangaro masa daga idon hagu da bayan hannu. "Ciwon nan ya ɗauki rabin fuskata, ba ta yi ƙorafi ba. Ta ce ai aikinka na nan, mutuncinka na nan. To in je in ce mata shi ma babu?"

"Ai ba don allo take ganin girmanka ba."

"Na sani."

"To?"

"Ni ne ban san yadda zan shiga gidan ba in ba a cikin rigar ba."

Nan hawayen da take riƙewa suka zubo. Mutumin nan shi ya riƙa kai ta makaranta a kan tankin babur, tana riƙe da madubi tana ba shi umarni. Ruwa da rana ya sha a titi har ta samu kwamfutar da take karatu da ita, ranar da ya kawo kwamfutar a cikin akwatin saƙo ya sako ta, ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansa da kansa ya ce saƙon Injiniya. Yau ga shi a kan gwiwa yana wankin ƙarfe, yana ɓuya a ƙarƙashin hotonsa.

"Akwai sauran magana," in ji shi. "Ja ƙasa."

Ta ja. Saƙon kamfani ne. Saboda daɗewa ba a shiga ba, yau ce rana ta ƙarshe. Dama ɗaya ta rage. In ta ƙi shi kuma, za a rufe shafinsa gaba ɗaya, da taurarin da komai.

"Tun safe nake juya ta a hannu," ya ce. "Na kasa dannawa."

Ta goge fuska da gefen mayafinta. Kanta ya fara aiki.

"Baba, hoton nan yana cikin wayata. Na asalin. In na buɗe shi na kara a gaban kamarar taka, wataƙila..."

"A'a."

"Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani."

"Fuskarka ce fa! Ba ta wani ba!"

"Ta da ce. Shekarun nan duk ban taɓa buɗe saƙon mutum ba, ban taɓa cewa na kai alhali ban kai ba. Sai yau zan shiga aikina ta taga kamar ɓarawo?" Ya girgiza kai. "In za ta karɓe ni, ta karɓe ni a haka. In ba za ta karɓa ba, Allah ya sa haka ya fi alheri."

Ta san shi. In ya ce a'a da wannan muryar, an gama.

"To bari in riƙe maka," ta ce. "Rumfar nan duhu gare ta, kamara ba ta son duhu. Fito waje ka fuskanci rana."

Ya kalli rigar da ke rataye a ƙusa. Sannan ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya wanke hannu da omo a bokiti, ya ciro rigar daga ƙusa ya juyo ta daidai, ya saka, ya ɓalla maɓallan har wuya. Bakanike ya dawo ba kayan da ya ce zai karɓo, da ya ga abin da ake shiri sai ya tsaya daga nesa ya cire hula.

Suka fito bakin titi. Ta juya shi ya fuskanci rana, rumfar da allon suka koma bayansa. Ta tsaya a gefensa ta miƙa hannu da wayar, ta ɗan karkato yadda ita ma za ta riƙa gani.

"Ka shirya?"

"Bismillah. Danna."

Ta danna.

Kalli nan.

Ya kalla. Rana ta daki idon da ba ya rufuwa, ruwa ya fara ambaliya.

Yi murmushi.

Ɓangaren dama ya ɗaga. Na hagu ko gezau. Ɗan akwatin ya zagaye fuskarsa yana rawa, ja, ja, ja.

"Baba," ta ce da sauri, "ka tuna Mama a kan babur. Ina birki, ina birki..."

Dariyar ta taso masa, ta gan ta tana tahowa daga ƙirjinsa. Amma da ta iso bakin sai ta rasa hanyar fita, ta karye ta zama wani abu dabam. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Baba, wanda ko ranar da likita ya ce fuskar ta yiwu ta dawo ta yiwu ba za ta dawo ba bai zubar da hawaye ba, ya sunkuyar da kai ƙasa a bakin titi yana kuka.

Ta kai ɗaya hannun za ta dafa shi, wayar ta ɗan ɗaga sama.

Tana kallo akwatin ya saki kan Baba. Ya yi tsalle ya haye bisa kafaɗarsa, can baya, inda allon ya shigo cikin hoton. Ya zagaye waccan fuskar mai dariya, ya tsaya cak.

Ya zama kore.

Wayar ta yi ƙarar da gidansu ya saba ji kowace safiya.

Baba ya ɗago a firgice.

"Mene ne? Me ta ce?"

Ta juyo masa da ita. Ya karɓe wayar ya matso da ita kusa da idonsa mai kyau. Barka da dawowa. Ga taurarinsa biyar a jere, ba wadda ta ɓace.

"Ta gane ni," ya ce a hankali. Sai kuma da ƙarfi, "Ta gane ni! Kai, zo ka gani! Ta gane ni!"

Bakanike ya jefar da hular ya rugo ya rungume shi, baƙin mai duk a kafaɗar rigar da aka goge, ba wanda ya kula.

"Ban ce maka ba? Ban ce maka kuncin nan ya fara tashi ba? Gardama gare ka!"

"Wallahi na ɗauka lallashina kake yi!" Baba ya shafa ɓangaren hagun da tafin hannu, yana dannawa a hankali. "Ashe dawowa take yi. Na'ura ai ba ta san lallashi ba. Tunda ta ce ni ne, to ni ne."

Wayar ta sake ƙara. Saƙon farko ya shigo, magani za a ɗauka a kai wani gida.

Ya yaye buhun daga kan babur. Ya miƙa wa Injiniya wayar ta riƙe masa yana ɗaura hular kwano. A nan idonta ya sauka kan wani ƙaramin rubutu a ƙasan shafin, irin wanda Baba ba ya iya gani sai da tabarau. Shafinka na ƙarƙashin sa ido. Za a sake tantance fuskarka gobe da safe. Kuskure ɗaya zai rufe shi.

Ta yi sauri ta nemi wurin canja hoto. An kulle shi har sai an gama sa ido.

Ya karɓi wayar ya maƙala a mariƙinta, ya buga babur. Bugu ɗaya ya tashi.

"Yau zan faɗa wa uwarku komai," ya ce, muryarsa ta dawo irin ta da. "Yanzu ina da bakin faɗa. Gobe kuma ba a ɓoye zan buɗe ta ba. A tsakar gida zan tsaya, ita da Auta a gefena, su gani da idonsu."

"Baba..."

"Ba ki ga na ƙi bin ta taga ba? Da na biye miki, da har in mutu ban san ta karɓe ni ba."

Ya sa giya, sai kuma ya mayar. Ya ɗaga gilashin hular ya juyo gare ta. Idon hagun na ta zuba, na daman kuwa yana haske irin wanda rabonta da gani tun kafin ciwon. Rabon da ya kira ta da sunan da yake kiranta tana ƙarama har ta manta.

"Mamana, ni kaina na ƙasa, ban gani ba. Ke kika gani." Ya taɓa gefen bakinsa. "Faɗa min gaskiya, ba kya min ƙarya. Murmushin ya fita sosai ko?"

Babur na ruri, mai magani na jira. A bisa kansa mutumin allo na ta dariyarsa.

Injiniya ta buɗe baki.